Maigadin da ke Cikin Jikinmu

Jikin kowannenmu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Waɗannan ƙwayoyi ba sa yawaita yadda suka ga dama. Suna aika wa juna saƙo ta hanyar sinadarai. Wani saƙon ya ce a yawaita, kamar sa'ad da rauni ke warkewa, wani kuma ya ce a dakata. Ciwon daji yakan fara ne sa'ad da ƙwaya ta daina jin saƙon dakatawa.

A cikin ƙwayoyin nan akwai wani furotin mai suna p53, wanda aikinsa kamar na maigadi ne. Idan bayanan gado da ke cikin ƙwaya, wato DNA, suka lalace, sai ya hana ta rabuwa har a gyara. In gyara ya gagara, sai ya sa ƙwayar ta mutu, domin kada ta haifi wasu lalatattu irinta.

An gano p53 a shekarar 1979. Da fari masana sun zaci shi ne ke jawo ciwon, gama sun same shi da yawa a ƙwayoyin ciwon daji. Sai a 1989 aka tabbatar cewa wanda suke gani gurɓatacce ne, mai lafiyar kuwa hana ciwon yake yi. Yau an san cewa a kusan rabin cututtukan dajin 'yan Adam, maigadin nan ya lalace.

Ina ruwanmu da wannan? Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi sukan yi fumfuna mai fitar da dafi, ana kiransa aflatoksin. Bincike a 1991 ya nuna dafin yana ɓata ƙwayar gadon p53 a hanta, haɗarin kuma ya fi tsanani ga mai ciwon hanta nau'in B. Haka nan ƙwayar cutar HPV takan rushe p53, ta jawo ciwon dajin bakin mahaifa. Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a 2023.

Saboda haka, ɗalibai da iyaye, mu shanya amfanin gona ya bushe sarai kafin mu zuba a rumbu. Mu zubar da gyaɗar da ta yi fumfuna. Mu kuma kai yaranmu rigakafi, gama rigakafi ya fi magani.