Kafin ku biya kuɗin wurin biki

Da zarar an sa rana, musamman idan ta faɗo a Sha'aban ko ƙarshen Disamba, lokacin da ake rububin ɗaurin aure, sai uwar amarya da ƙawaye su duƙufa a kan waya suna duba hotunan wuraren biki a Instagram. Hoto kuwa ba ya nuna zafin ɗaki, ba ya nuna halin da bayan gida yake ciki. Kada ku ba da kafin alƙalami sai kun taka da ƙafarku. Ku je da daddare, ranar da wani bikin ke gudana a wurin, ku ga ko janareta na iya ɗaukar na'urorin sanyaya ɗaki, da inda ake ajiye motoci, da wurin alwala da salla, da yadda jama'a ke fita idan an tashi.

Maganar fita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ranar 26 ga Satumba, 2023, a garin Hamdaniya na ƙasar Iraƙi, ango da amarya na tsakiyar fili aka kunna wasan wuta a cikin ɗakin taro. Tartsatsi ya kama kayan adon rufi, rufin ya riƙa zubowa a kan mutane, fiye da mutum 100 suka rasu. A 2009 ma, a Jahra ta ƙasar Kuwait, an cinna wa tantin mata wuta ana cikin biki, mata da yara sama da 50 suka rasu, domin ƙofar tantin ɗaya ce tak.

To, dubi irin kwalliyar da ake yayi a dina da kamu a Kano ko Kaduna yanzu. An lulluɓe rufi da bango da yadin leda, ga furannin roba, ga wayoyin fitilu an jona su barkatai, ga kaskon turaren wuta a gindin labule, sannan idan amarya za ta shigo a saki tartsatsi dama da hagu. Duk waɗannan abincin wuta ne. Abin da ya fi muni, sau da yawa ƙofar baya a garƙame take da kwaɗo don gudun 'yan gayyar soɗi, ko kuma mai kwalliya ya rufe ta da labule wai tana ɓata hoto. Ku ƙirga ƙofofin da kanku. Ku ce a nuna muku abin kashe gobara, ku duba ko wa'adinsa bai wuce ba. Ƙofar da ake tsoron kutse ta cikinta a sa mata mai gadi, a cire kwaɗon. Idan mai kwalliya ya ce tartsatsin nasa mai sanyi ne, ba ya ƙona komai, ku ce duk da haka a nisanta shi da yadi da gyalen mutane.

Sai lissafin mutane. Kowa ya san bikinmu: kati ɗaya yakan zo da mutum uku, har da goyo. Idan kati 300 za ku raba, ɗakin mutum 300 ya yi muku kaɗan.

Batun kuɗi kuma a rubuta shi, ko da mai wurin ɗan'uwa ne. Awa nawa aka ba ku, kuma nawa ne tarar wuce lokaci? Man janareta yana cikin kuɗin? An yarda ku shigo da abincinku da mai kwalliyarku, ko dole sai nasu? Ƙarfe nawa za a buɗe wa mai kwalliya, tunda wasu wuraren biki biyu suke karɓa a rana ɗaya? Idan rasuwa ta sa aka ɗaga biki, Allah Ya kiyaye, nawa za a mayar muku? Masu son fili a buɗe kuma, idan ranar ta faɗa tsakanin Yuni da Satumba, su sa a rubuta musu ɗakin da za a koma in hadari ya taso, da wanda zai kwashe kujerun.