Littattafan Chase a Katsina: Ɓarawo Ya Fi Mai Bincike Farin Jini

Daga shekarun 1970 zuwa ƙarshen na 1980, da wuya a sami ɗalibin sakandare a birnin Katsina da kunnensa ya fara buɗewa da Turanci, a ce littafin James Hadley Chase bai taɓa ratsa hannunsa ba. Ba a aji ake koyar da shi ba, a ƙarƙashin tebur ake karanta shi. Bangon littattafan, musamman bugun kamfanin Corgi, yakan zo da hoton Baturiya da ba ta rufe jiki ba, wani lokaci riƙe da ƙaramar bindiga, don haka abu na farko da mai littafi ke yi shi ne ya lulluɓe bangon da tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti. Daga nan sai littafi ya shiga yawo. Wanda aka saya a Kaduna ko Kano zai kwana a Ƙofar Ƙaura, ya wayi gari a Ƙofar Marusa, kafin zangon karatu ya ƙare ya yi laushi, ya sha manja da gumi, shafukan ƙarshe sun zube. Wanda ya sami irin wannan dole ya bi sawun wanda ya riga shi karantawa ya ji yadda aka ƙare.

Mai wannan suna Baturen Ingila ne, tsohon mai sayar da littattafai, sunansa na yanka René Raymond. An haife shi a Landan a 1906, ya mutu a Suwizalan a 1985, ya bar littattafai wajen 90. Yawancin labaransa a Amurka suke faruwa, alhali shi bai zauna can ba. Da taswira da ƙamus na karin maganar 'yan tasha ya gina garuruwansa. Wato Amurkar da samarin Katsina suka haddace, mai manyan motoci da mashaya da gidajen caca, ta wani mai sayar da littattafai ce da ya ƙaga ta daga ɗakinsa.

Labarin laifi a rubuce ya kasu gida-gida. Akwai na wasa ƙwaƙwalwa, inda ake tsintar gawa, a tara waɗanda ake zargi, wani mai kaifin basira ya warware ƙullin a babin ƙarshe. Nan ne gidan Sherlock Holmes, wanda ya fara bayyana a 1887, da Poirot na Agatha Christie da ya biyo baya a 1920. Akwai na mai bincike mai zaman kansa irin na Amurka, mutumin da ba ɗan sanda ba ne, yana da ɗan ofis da sakatariya, ana biyansa ya nemo wanda ya ɓace, yana shan duka yana ramawa. Sai kuma na uku, wanda ake bin mai laifin kansa tun daga lokacin da kwaɗayi ya shige shi har ya faɗa rami. Chase ya taɓa na biyun, don yana da masu bincike irin su Vic Malloy da Dave Fenner, amma ƙarfinsa yana ga na uku.

A nan ne ra'ayin masu karatu yake da abin lura. Ka zauna a majalisar waɗanda suka yi wancan zamani, yanzu duk sun yi furfura, wasu sun yi ritaya, ka kawo zancen littafinsa na farko, No Orchids for Miss Blandish na 1939. Labarin 'yar wani attajiri ne da aka sace don kuɗin fansa, uban ya ɗauki Fenner ya nemo ta. Sunan da zai fara fitowa daga bakinsu shi ne Slim Grisson, mugun yaron nan da kisa ba ya yi masa wuya, sai uwarsa da ke juya 'yan daban gaba ɗaya. Fenner kuwa sai an yi ta tuni. Abin da suke yaba wa Chase bai wuce uku ba: Turancinsa ba ya buƙatar ƙamus, labarinsa ba ya tsayawa shan iska, kuma duk wanda ya ci amana don kuɗi ko don mace, sai ya ga ƙarshensa. Wannan na ukun ya zauna daidai da tarbiyyar gida, inda aka tashi da jin cewa alhaki kwikwiyo ne.

Masu suka ma suna da hujja. Iyaye da malamai sun ga giya da zina da zubar da jini, suka ce littafin ɓata tarbiyya ne, kuma an ƙwace da yawa a makarantun kwana. Wasu malaman Turanci dai sukan kau da kai, don sun lura yaron da ya cinye Chase goma ya fi iya haɗa jimla. Akwai kuma 'yan tsiraru, galibi masu son lissafi, da suka fi son Agatha Christie, suna cewa Chase ba ya ba mai karatu aikin yi, tunda tun farko an san wanda ya yi kisan. A ganina sun faɗi gaskiya, sai dai abin da suka ɗauka aibi shi ne ya sayar da littafin a nan.

Shaida ita ce abin da Katsinawa suka rubuta da kansu. A 1982 aka buga littattafan da suka yi fice a gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya, biyu daga cikin waɗanda 'yan Katsina suka rubuta kuma labarin laifi ne. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya ɗauko fasa-ƙwauri da cin hanci, ya tsayar da Alhaji Gabatari, attajirin da dukiyarsa ta sayi bakin ma'aikata. Ba sai an yi wa Bakatsine dogon bayani ba. Hanyar Jibiya zuwa Maraɗi a bayan gidansa take, ya san motar da ke tafiya da dare ba fitila, ya san kuma wanda ke jiran ta. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya fi shi zafi nesa ba kusa ba. Jaruminsa Mailoma tsohon soja ne da yaƙin basasa ya bar wa taurin zuciya, ya tara miyagu, ya shiga harkar ƙwaya da kisa. Masu nazari sun daɗe suna jin ƙanshin littattafan 'yan daba na Turawa a cikinsa, amma ƙauyukansa da mutanensa da tsafinsa na nan ƙasar ne. Har yau ana gardama a kansa, wasu na cewa babu littafin Hausa da ya kai shi riƙe mai karatu, wasu na cewa jinin ya yi yawa.

A cikin littattafan nan biyu babu wani mai ofis da ake biya ya gano mai laifi. Marubutan sun ɗauki ɓarawon, sun bar mai binciken a Amurka. Maƙwabta ba haka suka yi ba. A Zanzibar, Muhammed Said Abdulla ya ƙirƙiro Bwana Msa a 1960, mai bincike da lofe a baki, ya yi ta dawo da shi littafi bayan littafi cikin Suwahili. Yarabawa suna da Akin Olusina na Kola Akinlade da Lapade na Oladejo Okediji. A Hausa an yi littattafan 'yan sanda da na 'yan leƙen asiri, musamman da kasuwar littafi ta Kano ta buɗe daga ƙarshen shekarun 1980, marubuta irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih suka yi suna wajen labari mai sarƙaƙiya, amma babu wani mai bincike mai zaman kansa da sunansa ya zauna a bakin jama'a kamar yadda na Mailoma ya zauna.

Dalilan suna cikin zaman garin. Labarin gano mai kisa yana son gawa ta kwana, likita ya buɗe ta, a auna guba, a ƙirga awanni. A Katsina wanda ya rasu da hantsi, kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, kuma dangi ba sa son a taɓa shi da wuƙa. Labarin yana kuma son birnin da maƙwabci bai san maƙwabci ba. A tsohon gari kuwa, baƙo ba ya kwana biyu a lungu mai unguwa bai ji ba, kuma abin da ya shige wa maza duhu, mata sun gama tattauna shi a gidan suna. In an yi sata akwai hanyoyin da aka gada: a kira masu bin sawu in dabba ce, a kai ƙara wurin mai unguwa ko hakimi, a ba wanda ake zargi rantsuwa, wasu ma su bi ta wurin mai duba. Mutumin da zai zo yana yi wa matan aure tambayoyi a zaure don an biya shi, sunansa ɗan sa-ido, kuma ba zai kai gida na uku ba.

Babban dalili dai shi ne tambayar da ke damun mai karatu. Baturen da ke karanta Christie ya yarda cewa da zarar an ambaci sunan mai laifi, shari'a za ta yi aikinta, saboda haka abin da ya rage masa shi ne ya san wane ne. Mai karatu a nan sau da yawa ya riga ya san wane ne, ya san gidansa, ya ga sabuwar motarsa, wataƙila ma a sahun gaba yake salla. Abin da yake son ji shi ne wa zai iya taɓa shi, kuma yaushe. Wannan ita ce tambayar Turmin Danya daga farko har ƙarshe, ita ce kuma ta sa Chase, wanda 'yan sandansa da attajiransa ba su cika tsarki ba, ya fi Holmes shiga rai.

Yau matasa a waya suke karatu da sauraron labari, tsofaffin kwafin Chase kuma sai a gindin masu baza littattafai a ƙasa. Abin da ya sauya shi ne nisan labarin. A 1980 satar mutum don kuɗin fansa abin Amurka ne, ana karanta shi don nishaɗi. Bayan abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana, da abin da mutanen Batsari da Jibiya da Safana suka sha gani, wanda ya buɗe labarin Miss Blandish a Katsina yanzu ya fi tsayawa a kan uban yarinyar da cinikin fansa fiye da kan Slim Grisson.