Raya Tsohuwar Mota a Ƙasar Ɗan Gulbi

A ƙasashen Turai akwai wata al'ada da ta yaɗu tsakanin ma'abota wadata, ita ce mutum ya nemi tsohuwar motar tsere wadda aka daina ƙera irinta tun zamanin mahaifinsa, ya saye ta ko da ta zama kwarangwal, ya shigar da ita gidansa, ya yi ta hidimarta shekara da shekaru a ranakun hutu, yana kwancewa yana wankewa yana mayarwa, har ranar da za ta fito da ƙafarta tana ƙyalli. Wanda ya ji wannan labari a Ɗan Gulbi, cikin ƙasar Dakoro ta jihar Maraɗi, yana iya zaton al'amari ne da ya yi nisa da mu ƙwarai, alhali kuwa in an yi nazari za a ga aikin da waɗancan ke yi domin nishaɗi shi ne makanikanmu suka daɗe suna yi domin larura, a ƙofar gida ko a gindin bedi, kuma sau da yawa a kan zuriyar mota guda.

Zuriyar da nake nufi ita ce ta Peugeot, wato 404 wadda ta fito a 1960, da ƙanwarta 504 wadda ta fito a 1968, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta shekarar 1969. Mutanenmu sun san su da jigilar 'yan kasuwa da buhunan gero da wake, amma kaɗan ne suka san cewa suna da tarihi a fagen tsere. A tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yin dubban kilomita cikin ƙura da taɓo da duwatsu, 404 ta zo ta ɗaya a 1963, ta sake zuwa a 1966 da 1967 da 1968. A 1975 wani mutumin Suwidin mai suna Ove Andersson ya ci wannan tsere da 504, sa'an nan a 1978 Jean-Pierre Nicolas, Bafaranshe, ya ci da wata 504 mai ƙofa biyu da injin silinda shida, wadda gidan Pininfarina na Italiya ya zana siffarta, kuma ita ce yau masu sha'awar tsofaffin motoci a Turai ke nema ruwa a jallo. Abin lura a nan shi ne, tseren da waɗannan motoci suka yi suna a cikinsa gwajin jimiri ne a kan mummunar hanya, kuma jimirin nan shi ne abin da direban da ke bin jigawa da gargada zuwa kasuwannin ƙauye yake bukata fiye da kome.

Ta hanya biyu suka shigo mana. Daga arewa, a shekarun 1970 da 1980, samarin Turawa kan sayi tsofaffinsu da araha, su ratsa Sahara ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit su sauka Agadas, su sayar, su koma gida da kuɗin jirgi. Daga kudu kuwa, masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma bayan an daina ƙera ƙaramar 504 a Faransa a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Wannan ne ya sa kayan gyaranta suka wadata a ƙasar Hausa, daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano su bi ta Katsina da Jibiya su iso Maraɗi. Da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, duk abin da ake shigowa da shi daga Faransa ya ninka tsada, sai gyaran tsohuwa ya zama wajibi ga wanda a da yake iya tunanin sayen wata.

To, me ya sa wannan mota ke karɓar gyara bayan ta shekara arba'in, alhali waɗansu da suka zo bayanta sun riga sun zama matattarar kaji? Dalili yana cikin ƙirarta. Bututun ƙarfen da fistan ke hawa da sauka a cikinsa, a injinta, abin zarewa ne: in ya cinye, sai a zare shi a sa sabo tare da fistan da ringi, injin ya dawo da ƙarfinsa ba tare da an kai shi birni an yi masa gurza ba. Kafireta ce ke ba mafi yawansu mai, kuma kafireta abu ne da mutum zai kwance a kan tabarma, ya wanke da fetur, ya busa ƙofofinta, ya mayar. Babu kwamfutar da za ta ƙi tashi sai an jona mata na'ura. Duk abin da ya lalace, ido yana ganinsa, kunne yana jinsa, hannu yana isa gare shi.

Sai dai raya mota yana da tartibi, kuma wanda ya saɓa tartibin nan ya yi asarar dukiyarsa. Mai gaggawa yakan fara da fenti da kujeru, domin su ne idon jama'a ke gani; gwani kuwa da kwanciya a ƙarƙashinta yake farawa. Ƙaramar 504 ba ta da shasi dabam, jikinta ne ke ɗauke da nauyin kansa, saboda haka in tsatsa ta ci ƙasanta da wuraren da ƙafafu suka kama, to ƙashin bayan ne ya ruɓe, kuma sabon injin ba zai amfana mata kome ba. A wannan babi Allah Ya yi wa ƙasarmu baiwa, domin bushewar iskarmu takan kiyaye ƙarfe, har ka ga motar da ta tsufa a Dakoro ta fi lafiyar ƙasa bisa ga wadda ta zauna a bakin teku a Kwatano ko Ikko, ko wadda ta sha gishirin da Turawa ke zubawa a hanyoyinsu lokacin ƙanƙara. Amma abin da muka tsira daga gare shi ta wajen tsatsa, muna biyansa ta wajen ƙura da zafi. Ƙurar hunturu in ta sami hanyar shiga injin ta matacin iska da ya yage, sai ta gauraya da baƙin mai ta riƙa cin ringi a hankali, mai mota yana mamakin yadda injin da aka ɗaure bara ya soma hayaƙi bana. Haka kuma ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa, in ana ɗura shi a lagireto, yakan bar ɓawo a cikin siraran bututunsa har su toshe, mota ta riƙa tafasa a tsakiyar bazara. Da yawa daga makanikai, in sun ga haka, sai su cire tamostat, wato 'yar na'urar da ke tsare ruwa har injin ya ɗumama, su yar. A ganina wannan maganin alama ne da barin cuta: abin da ya dace shi ne a wanke lagireton, a duba fanka da bel, a nemi ruwa mai tsabta.

Bayan gyara sai sauyi, kuma nan ne basirar masu sana'ar nan take bayyana, nan ne kuma haɗarin yake. Akwai sauye-sauyen da hanya da kanta ta hukunta, waɗanda babu mai hankalin da zai yi inkarinsu. Ana ƙara ganyen sifirin a bayan a-kori-kura domin ta ɗaga daga ƙasa, ana ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin don kada kututture ko dutse ya fasa tukunyar baƙin mai, ana ƙara wurin ajiye taya ta biyu da jarkar ruwa, waɗansu kuma sukan sauke injin fetur su ɗora na gas domin sauƙin sha. Direban da ya san rairayi yakan rage iskar taya kafin ya shiga jigawa, domin tafin tayar ya faɗaɗa ta daina nutsewa, in ya hau burji ya mayar da iskar. Mafi yawan waɗannan dabaru, masu tseren Safari ma sun yi irinsu, domin matsalar guda ce.

Inda nake da magana mai nauyi shi ne abin da ke biyo bayan ƙarin sifirin. A-kori-kurar 504 an ƙera ta ne ta ɗauki tan ɗaya da 'yan kai. In an ƙarfafa bayanta har ta daina durƙusawa, sai mai ita ya ga kamar ta sami izinin ɗaukar ninki biyu, a loda buhuna, a ɗora awaki, mutane su hau bisa kaya, alhali birkin da zai tsai da wannan duka shi ne dai na asali, ko ma wanda ya fi shi rauni saboda tsufa. Masana ilimin motsi sun tabbatar da cewa aikin birki shi ne mai da ƙarfin tafiya ya zama zafi, kuma in nauyi ya ninka biyu, zafin da birki zai sha ya ninka biyu, in kuwa gudu ne ya ninka biyu, to zafin ya ninka huɗu. Birkin da ya yi zafi fiye da kima yakan daina kamawa, kuma man birkin da ya daɗe yana shan laima yakan tafasa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa babu kome. Kayan da aka tula a sama kuma suna ɗaga cibiyar nauyin mota, ta yadda kwanar da za ta sha lafiya in babu kaya, da kaya sai ta kife. Saboda haka duk wanda ya ƙara wa mota ƙarfin ɗauka ko ƙarfin injin, bai kuma sabunta birkinta da bututun man birki da tayoyinta ba, bai gama aiki ba. Haka nan sandar sitiyari da ta karye, canza ta ake yi. Walda a wannan wuri tana iya riƙewa wata da watanni, sa'an nan ta saki ba tare da gargaɗi ba. Zancen ɗura ruwan sabulu a madadin man birki kuwa, ko larura ta sa an yi shi a daji domin a isa gari, haramun ne a ɗauki fasinja a kansa washegari.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan fage babu hukunci ba, ko da yake a zamaninsu raƙumi da jaki ne abin hawa. Sun yi bayanin lamunin masu sana'a, cewa wanda ya kafa kansa yana yi wa jama'a aiki, aka damƙa masa kaya ya tafi da su wurin aikinsa, to shi ke da alhakin abin da ya salwanta a hannunsa, sai in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Hikimar wannan kuwa ita ce maslahar jama'a, waɗanda ba su da makawa sai sun miƙa dukiyarsu ga wanda ya fi su sani. Sun kuma yi bayanin aibi a ciniki, cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana shi, in ya ɓoye kuwa mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Wanda ya cike ramin tsatsa da ƙullu ya shafe da fenti ya kai kasuwa ya yi shiru, algus ya yi. In kuwa shari'a ta tsananta haka a kan tufa da aka kai wa maɗinki, to ina ga abin da rayukan mutum goma sha za su hau?

Akwai kuma wata asara da ke tafe a hankali wadda take damuna ƙwarai. Motocin Toyota da baburan ƙasar Sin da Indiya sun karɓe mafi yawan hanyoyin ƙauye, masu sayen tsohon ƙarfe kuma suna yawo gari gari da ma'auni, suna sayen mushen mota a kan kilo, a sare ta da wuta a loda a babbar mota a kai inda za a narke. Ba na zargin wanda bukata ta sa ya sayar, amma a cikin kowane mushe akwai akwatin giya da aksul da kan injin da gilasai waɗanda za su iya tsai da waɗansu motoci uku a kan ƙafafunsu, kuma kamfani ba ya sake ƙera da yawa daga cikinsu. Ya kamata a kira makanike ya kwance waɗannan kafin a kira mai ma'auni, a shafe su da giris, a naɗe a buhu a ajiye a ɗaki inda ƙura da ruwan damina ba za su same su ba. Kuma a bar yaran gareji su yi kwancewar da hannunsu a gaban maigidansu, domin injin da kowane sashe nasa ke fitowa fili shi ne mafi dacewa da koyon yadda mai da iska da wuta ke haɗuwa su juya taya, kuma yaron da ya fahimci wannan a kan 504 ba zai sha wuya ba ranar da aka kawo masa injin ban ruwa ko na niƙa ko janareton asibitin garinsu.