Katakon Ƙawa da Katakon Amo

A shekarar 1862, Antonio de Torres, gwanin haɗa jita na ƙasar Sifen, ya yi wata jita wadda bayanta da gefunanta na kwali ne. Fuskarta kaɗai ya yi da katako na ƙwarai, amma da aka kaɗa ta sai ta ba da amo mai daɗi. Har yau tana ajiye a gidan tarihin kiɗa na Basalona. Abin da ya so ya nuna shi ne, muryar jita daga fuskarta take fitowa, kamar yadda ta gurmi ke fitowa daga fatar da aka ɗaura wa ƙwarya.

Duk mai son a haɗa masa jita da hannu ya kamata ya riƙe wannan, domin galibi ido ne ke fara zaɓe kafin kunne. Abin da ke jan masu saye shi ne katako mai zane: koa na tsibiran Hawai mai sheƙi, ko maful mai ratsi-ratsin da ake kira harshen wuta. Wannan zane ba fenti ba ne. Jijiyar itacen ce ta yi ta lanƙwasa tana girma maimakon ta miƙe, shi ya sa idan haske ya faɗa mata wani wuri ya yi duhu, wani ya yi walƙiya. To, lanƙwasar da ke ba shi kyau ita ce kuma rauninsa.

Saboda haka gwani ba ya cika sa irin wannan katako a fuska. Can yana neman sifurus, itacen ƙasashen sanyi, mara nauyi, mai jijiya miƙaƙƙiya sambal, wanda ba ya ɗaukar ido ko kaɗan. Zai kankare shi har kaurinsa ya dawo kamar milimita 3 ko ƙasa da haka, alhali tsarkiyoyin ƙarfe shida za su riƙa jansa dare da rana da ƙarfin da ya kai kilo 70. Abin da ke hana shi tsagewa 'yan siraran sanduna ne da ake mannawa ta ciki. Kamfanin Martin, wanda aka kafa a Amurka a 1833, shi ya yi fice da gicciya manyan sanduna biyu, tsarin da yawancin masu haɗa jitar ƙarfe ke bi har gobe.

A nan ake gane gwani. Zai sassaƙe sandunan kaɗan, ya ɗaga fuskar kusa da kunnensa, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya saurara, ya sake sassaƙa. In ya bar su da kauri, jitar za ta yi ƙarko amma muryarta a shaƙe. In ya zarce, za ta yi daɗi na ɗan lokaci, daga baya fuskar ta kumbura. Babu ma'auni ɗaya da zai bi, don ko daga gungume ɗaya aka yanko alluna biyu, ba za su amsa iri ɗaya ba. A ganina wannan sauraron shi ne abin da mai saye ke biya, ba ƙyalƙyalin baya ba.

Katako mai zane kuwa baya da gefuna yake zuwa. Akan tsaga allo ɗaya gida biyu, a buɗe, a haɗa su baki da baki, zanen dama ya zama daidai da na hagu. Gefunan su ne tashin hankali: a rage su zuwa milimita 2, a jiƙa, a lanƙwasa a jikin ƙarfe mai zafi sannu a hankali. Garaje kaɗan, sai ka ji ƙas, katakon da aka yi shekaru ana busarwa ya tafi. Ana kuma yin aikin a ɗakin da danshin iskarsa ke wajen kashi 45 cikin ɗari, shi ya sa mai irin wannan jita a ƙasarmu dole ya kula da ita lokacin hunturu, kada bushewa ta tsaga ta.

Son ƙawa ya ci dazuzzuka. An sari rozwud na Brazil har sai da yarjejeniyar CITES, ta cinikin namun daji da tsirrai, ta sa shi cikin jerin waɗanda aka fi taƙaita cinikinsu a 1992. Labarin da ya fi taɓa ni kuwa na Kamaru ne. Baƙin katakon da ake shimfiɗawa a wuyan jita, inda yatsu ke dannawa, daga eboni ake samunsa, ɗan'uwan kanya. A 2011 kamfanin Taylor na Amurka da Madinter na Sifen suka sayi masana'antar yankan katako ta Crelicam a Yawunde. A can Bob Taylor, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Taylor, ya ji daga bakin masu saran cewa ba a sanin launin cikin bishiya sai an kayar da ita, kuma in ta fito da ratsin fari ko ruwan ƙasa, a daji ake barinta ta ruɓe, don kuɗinta bai kai wahalar fito da ita ba. A cewarsa, kusan tara cikin goma haka suke ƙarewa. Bishiyoyin da suka yi shekaru aru-aru, ana zubar da su saboda launi, alhali ƙarfinsu da amonsu ɗaya ne da na baƙin!

Taylor ya yanke shawarar biyan mai ratsi kuɗi ɗaya da baƙin, ya kuma fara sa shi a jitocinsa masu tsada. Daga 2016 aka shiga dasa sabbin bishiyoyin eboni tare da mutanen ƙauyukan da ke kewayen dajin Dja, a kudancin Kamaru.