Hunturu a Bakin Tafki

Mu mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga mun san hunturu. Yakan shigo wajen watan Nuwamba, ba ya fita sai Fabrairu ko Maris. Iskarsa daga hamadar Sahara take tasowa, ɗauke da ƙura. Ƙuran nan ita ce hazo. Hazo da ɗari ba su hana mu neman abinci. Masunci zai jefa taru, mai albasa zai yi ban ruwa, mai fatauci zai ci kasuwar Yelwa ko ta Wara. To, yaya za mu fita mu komo gida lafiya?

Mu fara da ruwa. A shekarar 1968 aka gama madatsar Kainji, Kwara ta cika ta zama tafki mai tsawon fiye da mil 80. Ruwa ya ci garuruwa da gonaki da itatuwa. Har yanzu akwai kututture a ƙarƙashinsa. A watannin hunturu kuwa tafkin cike yake, gama a lokacin ne ruwan da ya taso daga Gini da Mali yake iso mana. Ran da hazo ya yi kauri, mai tuƙi ba ya ganin gaɓa, ba ya ganin gungu, balle kututture. Saboda haka kada mu tashi da asuba cikin hazo. Mu jira rana ta ɗaga. Kada kuma mu yi tafiyar dare. Sauri ya haifi nawa.

Kada mu cika wa jirgi kaya. A watan Mayu na 2021 wani jirgi maƙare da mutane ya nutse kusa da Wara, rayuka masu yawa suka salwanta. Wannan fa ba cikin hazo ba ne. Ina ga ranar da ba a ganin gaba? Idan jirgi ya cika, mu haƙura mu jira na baya. Kowa ya sa rigar ceto, har wanda ya iya iyo. Ga dalili: ruwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki nesa ba kusa ba. Wanda ya daɗe cikin ruwan sanyi hannuwansa sukan sandare, iyo ya gagare shi.

Idan muka tsamo mutum, mu tuɓe masa jiƙaƙƙun tufafi, mu lulluɓe shi da busasshen bargo har kai. Kadan yana cikin hankalinsa, mu ba shi kunu mai ɗumi. Idan yana magana ba kan gado, ko barci yana fizgarsa, sai asibiti maza-maza.

A kan hanya ma haka ne. Mai babur da mai mota su kunna fitila ko da rana ce, su rage gudu. Kada mu cinna wa daji wuta a bakin hanya, gama hayaƙi a kan hazo makanta ce.

Mai aikin gona ya sa riga biyu, ya rufe hanci da baki da rawani saboda ƙura. Ya shafa man kaɗanya don kaushi da faso. Ya sha ruwa ko bai ji ƙishirwa ba.

Saura abu guda. Kada mu kwana da garwashi cikin ɗaki a rufe. Garwashi yana fid da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba a ganinta, tana kashe mutum cikin barci. Mu ji ɗuminmu, sa'an nan mu fitar da kaskon waje.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan darasi.

Tambayoyi
1. Don me ba a tashi da jirgi cikin hazo?
2. Me za mu yi wa wanda aka tsamo daga ruwa?
3. Ina haɗarin garwashi a cikin ɗaki?