Saƙon sarakunan Rum a jikin kuɗin tagulla

A daular Rum, zinariya da azurfa na attajirai ne da albashin soja. Talaka kuwa tagulla ce ke shiga hannunsa kullum, da ita yake sayen burodi, da ita yake biyan kuɗin gidan wanka. Sarki Agustus ne ya tsara waɗannan kuɗi wajen shekara ta 23 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Babbansu shi ne sestatiyus, mai nauyin kusan giram 25, guda huɗunsa ke yin dinarin azurfa ɗaya. Akan buga masa haruffan SC, wato da yardar Majalisar Dattawa, ko da yake kowa ya san mai riƙe da akalar.

Tunda kuɗin yana da faɗi, kuma babu lungun da ba ya shiga, sai sarakuna suka mayar da shi sanƙirarsu. Gaba kan sarki, baya abin da yake so a faɗa a kansa.

Dubi na Sarki Nerba, na shekara ta 97 miladiyya. A da, garuruwan Italiya da ke bakin hanya dole ne su ba manzannin gwamnati dabbobi da amalanke da kuɗinsu. Da Nerba ya ɗauke musu wannan wahala, bai sa a zana shi yana jawabi ba. Alfadarai biyu aka zana, an kwance musu kaya suna kiwo, amalanken na jingine a baya, hannuwansa a sama. Manomin da bai san ko bihim ba ya gane maganar. Ni dai a ganina duk kuɗin Rum babu wanda ya kai wannan hikima.

Sarki Hadiriyan kuwa ya yafe bashin haraji na sestatiyus miliyan 900 a shekara ta 118, sai ga dogari a jikin kuɗi yana cinna wa tarin takardun bashin wuta.

Ba kullum ake lallashi ba. Bayan Rumawa sun rushe Ƙudus a shekara ta 70, Sarki Besfasiyan ya buga kuɗi da wata mace zaune a gindin dabino, ta haɗa kai da gwiwa. Ƙasar Yahudiya ke nan a hannu, gargaɗi ga duk mai shirin tawaye.

Su ma Rumawa ba su ɗauki hoton da wasa ba. Bayan an kashe Sarki Kaligula a shekara ta 41, Majalisar Dattawa ta ba da umarni a narkar da kuɗin tagulla masu ɗauke da fuskarsa.