Ciwon Dajin Furostat: Wace Hanya Za Ka Bi?

Furostat wata 'yar tsoka ce mai girman goro a ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Idan likita ya ce ka kamu da ciwon dajinta, kada ka firgita. Sau da yawa yana girma a hankali, akwai lokacin yin shawara.

Magani ɗaya ba ya dacewa da kowa. Likita zai duba gwajin jini mai suna PSA, da ɗan naman da aka yanko aka auna, da hoto, don ya san ko ciwon ya tsaya wuri ɗaya ko ya bazu. Zai kuma duba shekarunka da ƙarfin jikinka.

Hanyoyi huɗu ne:

1. Sa ido. In ciwon ƙarami ne mai tafiya sannu, ana iya barinsa, kana zuwa awo bayan 'yan watanni. Wannan ba sakaci ba ne, muddin ba ka fasa zuwa ba.

2. Tiyata. Ana cire furostat gaba ɗaya in ciwon bai fita waje ba. Wasu sukan sami ɗigar fitsari ko raunin mazakuta bayanta.

3. Gashi da na'ura. Akwai shi a Yamai tun 2021. Yawanci kwana 5 ne a mako, har makonni da yawa, saboda haka sai ka tanadi masauki da guzuri.

4. Rage sinadarin maza, wanda ciwon ke ci. Ana yin allura duk wata 1 ko wata 3, ko a cire 'ya'yan maraina sau ɗaya. Ita ce hanyar da aka fi bi in ciwon ya kai ƙashi. Tana danne shi, ta rage zafi, amma ba ta kawar da shi, kuma sha'awa takan ragu.

Ka zo da matarka ko babban ɗanka. Ka tambaya: Warkewa muke nema ko sauƙi? Nawa ne kuɗin daga farko har ƙarshe? Me zai sami iyalina?

Ka faɗa wa likita gaskiyar abin da ke hannunka, ba kunya. Allurar da aka fara aka yanke saboda kuɗi sun ƙare tana ba ciwo damar dawowa. Zaɓi hanyar da za ka iya bi har ƙarshenta.

Allah ya ƙara sauƙi.